Muryar Gwaggo da Allurar Mai

Gwaggona, yayar mahaifina, maguɗiya ce. Ba da guɗar take ci ba, domin tana da gonarta ta gero a ƙauyensu da ke kusa da Birnin Tsaba, amma da ita aka san ta. Idan an yi haihuwa ko za a kai amarya, daga ƙauyukan Zurmi har cikin Kaura Namoda, akan aiko mata tun da sauran kwanaki. Takan tsaya a bakin ƙofa, ta kama hancinta da yatsu biyu, ta ɗan ɗaga haɓa, sai ka ji sautin ya tashi siriri, ya yi ta tafiya har ka fara tsoron numfashinta zai ɗauke. Ba ya yankewa sai inda ta ga dama. Mata kan ce idan ba ita ta yi ba, kamar ba a sanar da gari ba.

Abin da zan faɗa ya shafi wannan muryar, kuma ina da hannu a ciki. Girman hannun nawa ne har yau ban gama tantancewa ba.

A lokacin ban daɗe da gama karatun harhaɗa magunguna ba. Na yi bautar ƙasa, na dawo gida Kaura, na sami aiki a wani kantin magani da ke kan hanyar tasha. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Takardar likita sai na karanta ta sau uku kafin in miƙa hannu in ɗauko magani, wani lokaci ma bayan mutum ya fita sai in bi shi har bakin titi in sake duba abin da na ba shi. Na ɗauka wannan halin zai kare ni daga cutar da kowa.

A daminar wannan shekarar Gwaggo ta yi doguwar jinya. Zazzaɓi ne da gudawa, su tafi su dawo, har ta kai ba ta son ganin abinci. Ta warke daga baya, amma ta rame ƙwarai. Ana cikin haka ta zame a bakin ɗakinta, faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, sai ga wuyan hannu ya karye. Maɗori ya ɗora, ya kuma kama, amma ciwon baya ya sa ta gaba, har ta fara tafiya a duƙe. Mahaifina ya aika aka ɗauko ta zuwa Kaura, muka kai ta wani asibiti.

Likitan da ya duba ta dattijo ne daga kudu, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da tambayar inda ke ciwo ba. Saboda haka ni na zama tafinta. Gwaggo na zaune a kan kujera, mahaifina na gefenta, ni ina tsaye. Bayan gwaje-gwaje likitan ya ce ƙasusuwanta sun yi rauni, kamar yadda kan faru ga mata idan shekaru sun ja, jininta ya yi ƙasa, tsokar jikinta kuma ta zube. Ya rubuta magungunan ƙarin jini da na ƙashi, ya yi bayanin abinci, sannan ya rubuta wata allura.

Da na ga sunan na gane ta, nandrolon. Dangin sinadarin nan ne da jikin namiji ke yi, wanda ke sa saurayi ya yi faɗin ƙirji, gemu ya tsiro masa, muryarsa ta buɗe. Masu haɗa magani sun ɗan sauya masa ƙira domin ya fi karkata ga gina tsoka da ƙashi da ƙara jini, ya rage wancan ɓangaren na mazantaka. Ragewa aka yi, ba cirewa ba. Sannan aka ɗaura masa wata doguwar jela ta kitse, wadda a makaranta muke kira esta, aka narkar da shi a cikin mai. Wasu kamfanonin ma man gyaɗa suke sawa. Idan aka tsira allurar can cikin tsoka, man yakan zauna wuri guda, maganin ya riƙa tsatstsafowa cikin jini kaɗan-kaɗan, kamar yadda ruwa ke fita ta jikin sabon tulu. Da ya shiga jini sai jiki ya yanke jelar, daga nan ya fara aiki. Shi ya sa allura ɗaya take kai mutum makonni.

A iya sanina, yanzu ba ita ake fara kai wa hannu ba idan ƙashi ya yi rauni, akwai magungunan da suka fi ta. Amma likitan ya haɗa ramar da ƙarancin jinin da kuma abin da ake iya samu a garinmu, ya ga ɗan gajeren zango da ita zai taimaka. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban kuma gani ba yanzu. Ya ce allura huɗu kawai, ɗaya duk bayan mako uku, sannan a dawo masa da ita.

Sai ya ajiye biro, ya dube ni, ya yi magana a hankali da Turanci. Ya ce in gaya mata wannan allura tana iya sa mace ta yi kuraje, gashi ya fito mata a haɓa, muryarta ta yi kauri kamar ta namiji. Ya ce kuraje sukan tafi, amma murya idan ta sauya ba lallai ta dawo ba. Da zarar ta ji muryarta ta fara dushewa, a tsaya, a zo. Kada kuma a ƙara ko ɗaya a kan huɗun nan.

Na juya wajen Gwaggo. Mahaifina yana kallona. A gidanmu ko sunanta ba na iya kamawa, in na shiga gaishe ta sai na durƙusa tun daga bakin ƙofa. Ta yaya zan dubi yayar ubana, a gabansa, in ce mata za ta iya yin gemu?

Na ce, "Gwaggo, ya ce allurar tana da ƙarfi. Wasu takan ɗan taɓa musu maƙogwaro. Ba kowa ba dai. In kin ji wani abu sai ki faɗa."

Ta ce, "Shi ke nan abin da yac ce? Na ga shi ya daɗe shina magana, kai ko ka gama tun ban gyara zama ba."

"Turanci ne, Gwaggo, yana da tsawo."

"To maƙoshi ai ba komai ba ne. In sha ruwan ɗumi ke nan."

Na ce e, ba laifi. Likitan ya tambaye ni ko ta fahimta, na ce ta fahimta. A raina na ƙudurta zan yi mata cikakken bayani a gida, idan mun kaɗaita, ko in sa mahaifiyata ta gaya mata. Na kuma lallashi kaina da cewa allura huɗu a wannan tazarar da wuya su yi wani abu. Wannan ɗin wataƙila gaskiya ne. A gida kuwa na yi ta neman lokacin da ya dace, har ta kwana shida ta tafi ban same shi ba.

Ba ƙauye ta koma ba. Hanyar Zurmi ta lalace da rashin tsaro a watannin nan, mutane suna ta barin ƙauyuka, sai aka yanke ta zauna a Shinkafi wajen 'yarta da ke aure can. Wannan 'yar tata taubashiyata ce, abokiyar wasana tun muna yara, ta girme ni da shekara biyu, bakinta kuma ba ya raga mini. Tun da an yi allurar farko a asibiti, na haɗa sauran ukun a kwalinsu, na rubuta ranakun a jikin kwalin da jan biro, na ba ta. Akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a maƙwabtansu da za ta riƙa yi.

Taubashiyar tawa ta juya kwalin ta ce, "Malam Wataƙila, yau kai ne da rubuta rana ba ka ce wataƙila ba?"

Na ce, "Ki dai bi ranakun. In sun ƙare ku dawo wajen likita."

"Mun ji, ranka ya daɗe. Allah ya sa ka sami matar da za ta iya jiran ka gama magana."

Sun bi ranakun daidai, wannan na tabbatar daga baya. Allurar kuma ta yi aikinta. Gwaggo ta fara cin tuwo har da neman ƙari, ta miƙe, ta koma goya jikanta. Wata rana taubashiyata ta kira ni tana dariya, ta ce an yi suna a Jangeru, Gwaggo ta rangaɗa guɗar da sai da tsofaffi suka yi hawaye. Na yi murna sosai. Na tuna musu da komawa asibiti, ta ce hanya ba kyau, sai ta lafa. Ni ma na san hakan ne, ban matsa ba.

Akwai wani abu da na sani sarai, domin kullum ina ganinsa a kantinmu, amma ban kawo shi a wannan maganar ba. A wajenmu kwalin magani shi ne takardar likita. Idan magani ya karɓi mutum, ba a yar da kwalin. Akan adana shi a ƙarƙashin katifa ko a cikin kwalla, ranar da jiki ya sake yin nauyi a ɗauko shi a kai kemis a ce a ba da irinsa. Kusan kowace rana sai wani dattijo ya zaro mini kwali daga aljihu, ya yi laushi har rubutun ya goge, ya ce wannan ne ya yi wa ƙanensa aiki shekara biyu da suka wuce. Ba wauta ba ce. Mutumin da asibiti ya yi masa nisa, hanya kuma ba tabbas, dole ya riƙe abin da ya taɓa yi masa amfani. Ni da hannuna na ba su kwalin, ban kuma ce a yar da shi ba.

Na ci gaba da kira duk mako, amma da taubashiyata nake magana. Gwaggo ba ta son waya, takan ce a gaishe ni daga nesa. Watanni suka shuɗe a haka, ina jin sun kai biyar. Wata ranar Talata da hantsi na kira, aka ɗauka, wata murya mai kauri ta amsa sallamata. Na ɗauka mijin taubashiyata ne. Na gaishe shi, na tambayi kasuwa, na ce in Gwaggo na kusa a ba ni ita.

Sai muryar ta ce, "Ni ce, ɗana."

Ban tuna abin da na ce bayan nan ba. Ina jin na ce wayar ce ba ta da kyau. Ita kuma ta ce mura ce ta kama ta.

Ya kamata a ce washegari ina Shinkafi. Ban je ba. Na yi kusan mako biyu ina kawo wa kaina dalilai: mura ce kamar yadda ta faɗa, ko hayaƙin murhu, ko tsufa. Allurai huɗu ne kawai, kuma an daɗe da gama su. Na buɗe littafina na makaranta na karanta shafin nan har na kusa haddace shi, ina neman layin da zai wanke ni. Daga ƙarshe na kira taubashiyata, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye ta ko akwai wani magani da Gwaggo ke sha yanzu.

Ta ce, "Ba wani, sai allurarka."

"Wace allura? Ai ta ƙare."

"Ta ƙare munka sayo wata. Ko daina yinta anka yi?"

Da safe na nemi izini a wajen aiki na shiga mota.

Na isa gab da azahar. Gwaggo na zaune a kan tabarma a inuwar dogon yaro tana tsince wake. Ta yi ƙiba, kafaɗunta sun cika, wanda bai sani ba zai ce lafiya ce ta zauna mata. Amma na ga kuraje a goshinta, idon sawunta ya kumbura. Ana zafi, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe haɓarta har zuwa leɓe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a gajarce, ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba.

Taubashiyata ta fito daga madafa tana goge hannu. "A'a, Malam Wataƙila da kansa. Wataƙila ka ci abinci, wataƙila ba ka ci ba?"

Na ce ta kawo mini kwalin. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara, ta zazzage a gabana. Kwalina na nan da jan rubutuna, ya yi laushi don yawan riƙo. Tare da shi akwai 'yan kwalabe da aka fasa wa wuya, na ƙirga sau biyu, goma sha shida.

Da na tambaya, ta ba ni labarin ba tare da ɓoye komai ba, domin ba ta ga abin ɓoyewa ba. Bayan allura ta huɗu da 'yan makonni Gwaggo ta ce tana jin ƙarfin yana raguwa, ga bukukuwan bayan kaka sun matso, tana son ta iya tsayuwa. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ce ita ba za ta ƙara ba sai da takardar likita. Sai suka ɗauki kwalin ranar kasuwa, suka sami wani mai sayar da magani da ke da irinta, yana kuma yin allura a bayan rumfarsa. Tun da ranar kasuwa ce ake samunsa, sai abin ya zama duk mako. Su hau kabu-kabu su je, a yi, ya ba su fasasshiyar kwalbar, su sayo kayan miya su dawo.

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani cewa wannan ba irin allurar zazzaɓi ba ce da ke wucewa a kwana ɗaya. Mai ne, yana zama a tsoka. Kafin na makon jiya ya yi nisa an zuba na wannan makon a kansa, haka ya yi ta taruwa. Ina jin muryata ta ɗan tashi, domin ta katse ni.

"Dakata. Wa ya kawo ta gidan nan? Kai ne. Da hannunka ka yi rubutu a kwalin. Ka ce a bi ranaku, munka bi. Ka taɓa ce man in an ƙara wani abu zai faru? Mun ga ta karɓe ta, tana ci tana tashi. Mi kake so mu yi, mu zuba mata ido ta koma yadda take?"

Na ce a dawo wajen likita, gaskiya ne, amma ban taɓa faɗin dalili ba.

Na matsa kusa da tabarmar Gwaggo na zauna a ƙasa. Na dubi waken da ke cikin faifai, domin ba zan iya duban fuskarta ba. Na ce mata allurar nan daga sinadarin maza aka samo ta. Na ce idan ta yi yawa a jikin mace takan fito mata da gashi a fuska, ta mai da muryarta ta maza. Na ce ba mura ba ce. Kowace kalma sai da na ji kamar ina cire ƙaya, amma na faɗe su duka.

Ta daina tsintar waken. Can sai ta sa hannu ta sauke mayafin. Akwai gashi a haɓarta, baƙaƙe masu kauri, da alamar inda ta yi ta tsigewa har fatar ta yi duhu.

Ta ce, "Wanga ma aikinta ne?"

"Aikinta ne, Gwaggo."

"Ni da nike cewa hannu anka sa man." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ashe ta fi wata biyu tana shan zuma da citta da kanumfari, an yi mata rubutu ta sha, har ta fara zargin wata mata a ƙauyensu da suka taɓa samun saɓani a gidan biki. Gidaje biyu sun aiko mata neman guɗa, ta ce mura take yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce tun da muryar ta fara dushewa ba ta yarda ta tsallake ko mako ɗaya ba, domin a ganinta allurar da ta tayar da ita daga kwance ita ce za ta gyara mata maƙoshi.

Ta tambaye ni, "Likitan ya san tana haka?"

"Ya sani. Ya faɗa."

"Yaushe?"

"Ranar da muka je. Ya ce in gaya miki. Na ji nauyi."

Taubashiyata ta buɗe baki za ta yi magana, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Ta juyo gare ni. Ta ce, "Kunya tarbiyya ce, ban ce ba ka da ita ba. Amma ai don ka ji abin da ba mu ji anka kai ka makaranta. Da ka gaya man, da na yi huɗun nan na tsaya. Ko in ce a bar ni da ciwon bayana."

Na sha tunani a kan wannan magana ta ƙarshe. Mai yiwuwa da na faɗa mata tun farko da ta ƙi allurar gaba ɗaya, ta ci gaba da ramewa, ban san inda hakan zai kai ta ba. Amma zaɓin nata ne, ni kuma na hana ta shi.

Bayan kwana biyu muka bi ayarin motoci zuwa Kaura. Likitan bai yi faɗa ba, ya dai dubi gwangwanin ya girgiza kai. Aka auna ta. Jininta ya hau, aka ba ta magani. Gwajin hanta ya fito ba laifi, wanda shi ne na fi jin tsoro a hanya. Ya ce a daina allurar daga yau, amma kada a sa ran sauyi da wuri, domin man da ke tsokarta zai ɗauki makonni yana sakin abin da ya rage. Kuraje da kumburi za su tafi. Gashin zai iya raguwa. Game da murya ya ce akwai wasu 'yan tantani biyu a maƙogwaro da iska ke kaɗawa, maganin ya sa sun yi kauri, kuma abin da ya yi kauri a nan ba kasafai yake komawa ba. A ba shi wata shida a gani.

Wannan karon na fassara komai, jimla bayan jimla, a gaban mahaifina. Da na zo kan tantanin na rasa yadda zan ce, sai Gwaggo ta taimake ni. Ta ce, "Awa tsarkiyar gurmi. Mai kauri ba ta yin kukan siririya." Na ce haka ne. Da ta ji cewa man gyaɗa ne a cikin kwalbar, ta dubi mahaifina ta ce, "Ka ji, duk gyaɗar da munka noma tun muna yara, ashe ta nan za ta biyo ni." Shi bai yi dariya ba. Bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba har yau, wanda ban san ko sauƙi ne ko akasinsa ba.

Ta koma Shinkafi. Ina zuwa duk lokacin da hanya ta yi kyau. Kurajen suka bushe, ƙafar ta saɓe, gashin ya yi laushi ko da yake bai tafi duka ba. Muryar ta ɗan washe, ta daina wannan karcewar, har wani lokaci in tana magana a hankali sai in ji kamar ta dā. Nakan ce mata ana samun ci gaba. Ba ƙarya nake yi ba, amma na san ba maganar hira take jira ba. A duk watannin nan ba wanda ya ji ta gwada guɗa.

A wata na bakwai da daina allurar, taubashiyata ta kira ni ta ce Gwaggo na nemana. Wata aminiyarta tun ta ƙuruciya za ta aurar da autarta, malamar makaranta, ta aiko da goro ta ce ba wadda za ta yi guɗar kai amarya sai ita. Gwaggo ta naɗe goron a jiƙaƙƙen tsumma, kwana biyar ba ta ɓara ba, ba ta kuma ba da amsa ba.

Na je. Bayan azahar ta ce in biyo ta bayan gida, wajen da ake tara kara. Ta sa 'yarta ta kwashe yara zuwa maƙwabta. Ta ce, "Kai za ka ji. Wagga in ta ji kuka za ta yi, ba ta gaya man komai."

Ta gyara tsayuwa, ta kama hancinta, ta ɗaga haɓa. Sautin ya fito, amma daga ƙasa, ya yi rawa, ya nemi hawa ya kasa, sai ya tsage. Ta yi tari, ta sha ruwa, ta sake. Na biyun ya fi tsawo, numfashin yana nan yadda yake, harshen ma yana kaɗawa daidai, amma siririn nan da ke ratsa katanga babu shi. A na ukun ta tsaya da kanta a tsakiya.

Ta ce, "To?"

Na ji kalmomin da na saba suna taruwa a bakina, cewa wataƙila da ɗan ƙarin lokaci, cewa jiki ya bambanta. Na haɗiye su. Na ce, "Ba ta dawo ba, Gwaggo. Kuma a yadda na fahimta, ba za ta dawo ba."

Ta gyaɗa kai. Ta zauna a kan wani turmi da aka kife, tana kallon karan. Na tsaya a gefe, na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar gwangwani, in daina maimaitawa, yana gajiyar da ita.

Da 'yarta ta dawo, Gwaggo ta kwance tsumman, ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare, ta ba ni rabi. Sauran ta miƙa mata ta ce, "Kai wa maƙwabciyarmu, matar mai gyaran keke, mai ɗan taɓa guɗa, ki ce ni na ce ta yi musu. Muryarta na da kyau, gaggawa ce ta yi mata yawa. Masu bikin kuma ki ce musu ina zuwa, amma zama zan yi."

Ranar bikin ina wajen aiki a Kaura. Taubashiyata ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Gwaggo ta sa atamfarta mai ruwan goro ta zauna cikin tsofaffi. Da aka fito da amarya matar nan ta yi guɗa, mutane suka yaba. Gwaggo ta sa aka kira ta, ta kama hannunta ta ɗora a kan nata cikin, ta ja numfashi ta nuna mata daga inda ake ɗauko shi, ta ce ta koma bakin ƙofa ta sake.